Jakin karo ya kafe ya ƙi tafiya: in ƙara masa bulala ko in mayar da shi kasuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba Likita. Ni yanzu a Gadarif, a ƙasar Sudan, nake zaune. Wata biyu ke nan da na sayi aholakin jaki don in riƙa sayar da ruwa a karo, wato amalanken da jaki ke ja. Wanda ya sayar mini ya ce shekararsa huɗu. Makon farko ya ja da ƙyar, yanzu kuwa da zarar na ɗaura masa karo sai ya kafe, ko na doke shi ba ya motsi, wani lokaci ma ya durƙushe. Ya yi miki a gadon baya da ƙirji, na shafa masa baƙin mai kamar yadda abokan sana'a suka ce. Wasu sun ce taurin kai ne, in ƙara masa bulala, wasu sun ce a yi masa lalas, wasu sun ce in rabu da shi. Kuɗin da na zuba a kansa su ne ɗan abin da muka tsira da shi daga garin Madani. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya mayar muku da alherin abin da kuka baro a Madani, ya sa albarka a wannan sana'a. Kada ka sayar da jakin nan, kada ka ƙara masa duka, kada kuma ka yarda wani ya matso kusa da shi da ƙarfe mai zafi. Ka kwance masa karo yau ɗin nan, ka hutar da shi mako biyu zuwa uku. Na san nauyin wannan magana ga mutumin da abincin gidansa yake cikin barmil ɗin nan, wato gangar ruwa, shi ya sa zan tsaya in warware maka dalili.

Tun da aka fara yaƙi a Sudan a watan Afrilun 2023 fetur da gas suka yi tsada, motocin ruwa suka ragu, jama'a kuma suka cika Gadarif bayan da yaƙin ya isa Madani a Disambar shekarar. Garin da ma can yana fama da ƙarancin ruwa. Wannan ya sa samari da yawa irinka, waɗanda ba su taɓa riƙe ragama ba, suka wayi gari da jaki a hannu. Tambayarka na sha jin irinta, kuma kusan duk jakin da aka kawo mini aka ce taurin kai gare shi, in na ɗaga akumari sai in tarar da amsar a ƙarƙashi. Hausawa suna cewa an bar jaki ana dukan taiki. A naka al'amarin, taikin ne mai laifi, jakin ake duka.

Ka fara fahimtar halittarsa. Doki in ya tsorata sai ya zabura da gudu. Jaki kuwa asalinsa daga jakin jeji ne na wannan yanki namu na arewa maso gabashin Afirka, ƙasar duwatsu da kwazazzabai, inda dabbar da ta ruga a guje ba lissafi za ta karye. Don haka shi in ya ji tsoro ko zafi, tsayawa yake yi cak, ya auna abin da ke gabansa. Sannan Allah ya yi shi da ɓoye ciwo. Ciwon da zai sa doki birgima da gumi, jaki sai dai ka ga ya sunkuyar da kai, kunnuwa sun kwanta gefe. Jakin da har ya kai ga durƙushewa a cikin karo ya daɗe yana jurewa kafin ya kai nan. Naka ya riga ya haɗa abu biyu a kansa: karo da zafi. Duk bulalar da ka ƙara masa, tana tabbatar masa da cewa lissafinsa daidai ne.

Kafin komai, buɗe bakinsa ka duba haƙoran gaba, don ina shakkar shekara huɗun nan. Haƙoran nono ƙanana ne, farare tas, masu ɗan wuya a gindi. Na girma sun fi faɗi da tsawo, launinsu ya ɗan yi ɗorawa. Biyun tsakiya, sama da ƙasa, suna sauyawa wajen shekara 3, na gefensu wajen shekara 4, na ƙurya wajen shekara 5. In ka tarar duk na nono ne, jakinka bai kai uku ba, kuma ba shi da abin yi da barmil cike da ruwa, domin ƙashin bayansa da gaɓoɓinsa ba su gama ƙwari ba. Irin wannan koyarwa kawai ake yi masa da kaya marar nauyi. In na tsakiya ne kaɗai suka sauya, ka bi shi a hankali wannan shekarar. Ka kuma lura, lokacin famfara bakin jaki yana ciwo, in aka haɗa masa da linzamin ƙarfe ana fizga, wannan kaɗai ya isa ya hana shi tafiya.

Sai miki. Baƙin mai ba magani ba ne. Yana ɗauke da dattin inji da gubar ƙarfe, yana ƙona sabon naman da ke tohowa, yana rufe mugunya a ciki. Abin da ya sa mutane suke ganin kamar yana aiki shi ne ƙuda yana ɗan gudunsa. Haka baƙin garin batir, da toka, da man birki, duk na ga an sa, duk ɓarna suke ƙarawa. Ka tafasa ruwa rabin lita, ka zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya, ka bari ya huce. Ka aske gashin da ke kewaye da mikin, ka wanke man nan da sabulu daga gefe-gefe, sannan ka riƙa kwarara ruwan gishirin a kan mikin safe da yamma har ya fita fes. In ka samu aidin a kantin magani, ka tsarma shi da ruwa har ya koma launin shayi marar kauri, da shi za ka wanke. Bayan wanki ka shafa zuma tsantsa, ko man zinki irin na kurjin jarirai, ka rufe da ƙyalle mai tsabta marar nauyi saboda ƙuda. In mikin ya yi rami, ko yana wari, ko wurin ya kumbura ya yi zafi, musamman a tsakanin kafaɗu, wannan ya wuce aikin gida, ka kai shi asibitin dabbobi. A can ka tambayi allurar tetanos, cutar nan da ke sandarar da jiki ta sarƙe muƙamuƙi. Ƙwayarta a ƙasa da kashin dabbobi take zaune, ta miki take shiga, kuma jaki da doki suna cikin dabbobin da ta fi kashewa. Rigakafinta allura biyu ce, tsakaninsu mako 4 zuwa 6.

Lalas kuwa ban taɓa ganin ya warkar da komai ba. Sabon miki ne ake ɗorawa a kan tsoho. Kuma ka san ya zo a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga jaki an yi masa lalas a fuska, ya la'anci wanda ya yi, ya kuma hana dukan fuska. Ina ambatar wannan ne domin a bakin mashaya, fuskar ce wurin da na fi ganin sanda tana sauka, kuma makafin jakunan da na duba da yawansu daga nan suka samo makantar.

Yanzu mu zo kan karo, don nan ne gindin matsalar, kuma in ba a gyara nan ba, ko mikin ya warke cikin mako guda zai dawo. Ka yi lissafi da kanka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Barmil yana cin wajen lita 200. In irin wanda aka haɗa biyu aka yi wa walda ne kake ja, kilo 400 ke nan na ruwa zalla, ban da nauyin ƙarfen karo, ban da kai da ka hau. Jakunanmu na kaya yawancinsu ba su wuce kilo 120 zuwa 150 ba. Abin da nake ba mutane shawara, jaki balagagge mai lafiya, a hanya shimfiɗaɗɗiya mai tauri, ya ja kamar ninki biyu na nauyinsa, in an matsa ninki uku a kan kwalta na ɗan gajeren zango. A yashi ko taɓo ko hawa, a rage sosai. Ka ga aholakin da bai taɓa ja ba, aka fara shi da cikakken barmil tun ranar farko, an ɗora masa aikin da ko tsohon hannu sai ya yi nishi.

Amma sau da yawa abin da ke cin bayan jaki ba yawan kayan ba ne kamar inda aka ɗora su. Karo mai taya biyu kamar ma'auni yake. Ka cika barmil, ka tsayar da karon a wuri mai daidai ba jaki a ciki, ka kama hannuwansa biyu ka ɗaga zuwa tsayin da suke zama a jikin jakin. In an zaunar da barmil daidai a kan ƙarfen da ya haɗa tayoyin, za ka iya riƙe su ba wahala, nauyin da zai sauka hannunka bai fi na ƙaramar jarka ba. In sai ka yi nishi kafin ka ɗaga, to wannan nauyin ne yake zaune a gadon bayan jakinka tun safe har yamma, kowane rami kuma ya buga masa shi kamar guduma. In kuma hannuwan sama suke son tashi, barmil ya yi baya da yawa, majayi zai riƙa yankar cikinsa yana ɗaga shi daga ƙasa. Gyaran bai fi mai walda ya matsar da mazaunin barmil ɗan taƙi gaba ko baya ba. Ka duba iskar taya, ka duba boris. Taya marar iska da boris busasshe suna iya mayar da kaya kaɗan ya zama dutse.

Sannan kayan ɗauri. Jaki da ƙirji da kafaɗa yake ja. Baya aikinsa kawai ya riƙe hannuwan karo kada su faɗi. Yawancin karon da nake gani an ɗaure hannuwan tam a jikin sirdi, ya zama da sirdin ake ja, kowane taku sirdin ya goga baya gaba da baya. Abin da ake so shi ne maɗaurin ƙirji mai faɗi, aƙalla faɗin yatsu huɗu, mai laushi, wanda zai zauna ƙasa da maƙogwaro, sama da tsinin kafaɗa. In ya hau sama ya shaƙe shi, in ya sauka ƙasa ya harɗe masa taku. Daga wannan maɗauri igiya biyu za su tafi baya su kama wata 'yar sanda da aka rataya a gaban karo ta tsakiyarta, yadda za ta riƙa lilo. Amfanin sandar nan, in kafaɗar dama ta yi gaba ta bi ta, in ta hagu ta yi gaba ta bi ta, maɗaurin ba zai riƙa zarya a kan fata ba. Wannan 'yar sanda da ba ta kai kuɗin cefanen rana ɗaya ba ta warkar da ƙirazan jakuna fiye da duk man da na taɓa rubutawa. Sai maɗaurin baya, wanda ke zagaye cinyoyi ƙasa da gindin wutsiya, a ɗaure shi a hannuwan karo. Shi ne birki. In babu shi, duk gangara karo zai turo sirdi kan kafaɗa ko ya bugi ƙafafun baya, kuma jakin da karo ya taɓa bugu daga baya yana daɗewa bai manta ba.

Sirdin kansa ya zauna a kan naman da ke gefe biyu na ƙashin baya, ya bar rami a tsakiya yadda ba abin da zai taɓa ƙashin. Abin da zai taɓa fata ya zama auduga, ko tsohon bargo, ko buhun algarara mai laushi, ko fatar tunkiya da gashinta. Buhun leda, igiyar nailan, tsinken taya, waya da sarƙa, duk su ne masu yanka, don ba sa shan gumi. Ka samu shimfiɗa biyu kana musanyawa, kana wankewa kana shanyawa, domin gumi in ya bushe da ƙura ya zama kamar tsakuwa. Kullum kafin ka ɗaura, ka goge bayansa da hannu ko burushi. Kuma kada ka ari kayan ɗaurin wani. Akwai wata cuta da ke fitar da ƙuraje a jere kamar carbi a ƙafa ko wuya ko ƙirji, su fashe su yi ta zubar da mugunya. Ta fi kama dawakin karo, ta yi yawa a Habasha da muke maƙwabtaka da ita ta Gallabat, amma jaki ma yana ɗauka, kuma ta kayan ɗauri da ƙuda take yawo. Allurar da aka saba yi wa dabbobi ta kashe ƙwayoyin cuta ba ta jin ta.

To, makonnin da zai yi yana jinya ba zaman banza ba ne, lokacin makaranta ne. A garin Mai Wurno, nan Sudan, na san wani dattijo, jikan mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda duk unguwar shi ake kai wa aholaki. Na zauna na kalle shi sau da yawa ina matashi, kuma abin da na koya a wurinsa ban same shi a aji ba. Ba ya ɗaga murya, ba ya wuce kamar minti 15 da jaki a zama ɗaya, kuma hannunsa yana saki da wuri. Sirrin ke nan. Jaki ba daga jan igiya yake koyo ba, daga sakinta yake koyo. Ka ja ragama a hankali ka riƙe, kada ka fizga. Da zarar ya ɗaga ƙafa ɗaya ya yi gaba, ko ma ya karkato da jikinsa, ka saki nan take, ka sosa masa wuya. In ka yi jinkirin sakin, ko ka ci gaba da ja bayan ya taka, ka koya masa cewa takawar ba ta da amfani. In ya kafe, kada ka tsaya gabansa kuna ja-in-ja, zai fi ka ƙarfi. Ka koma gefen kafaɗarsa ka karkata kansa gefe, dole ya motsa ƙafa don ya daidaita tsayuwa, ka saki, ka yaba masa, ku ci gaba.

Kwanakin farko ma kada ka nemi komai a wurinsa. Kai za ka kai masa abinci da ruwa da hannunka, ka zauna kusa da shi, ka bari shi ya matso. Ka riƙa zuwa masa ta gefen kafaɗa kana magana, don ba ya ganin abin da ke bayansa daidai, ba ya kuma ganin abin da ke ƙarƙashin hancinsa. In ya daina kau da kai in ka ɗaga hannu, an ci rabin tafiya. Sai ka sa masa ragama mai laushi, ba linzami, ba waya a kan hanci. Ka zaɓi kalma ɗaya ta tafiya, ɗaya ta tsayawa, ko da Hausa ko da Larabci, kada ka sauya su, kuma duk wanda zai kama jakin a gidanku ya yi amfani da su. Tsayawa ta fi tafiya muhimmanci. Jakin ruwa rabin aikinsa tsayuwa ce a ƙofar gida ana juye jarkoki, don haka ka koya masa ya tsaya shiru minti ɗaya, biyu, biyar. A nan ne kuma za ka saba masa da ɗaga ƙafa, kana shafa daga kafaɗa zuwa kofato, ka ɗaga kaɗan ka ajiye.

In miki ya rufe, sai ka sa masa sababbin kayan ɗauri ba karo, ya yi yawo da su kwana biyu ko uku. Daga nan ka ɗaura dogayen igiyoyi biyu a ragama, ka koma bayansa nesa da harbi, kana tuƙa shi a ƙasa, wani yana riƙe da kansa har ya gane cewa umarni daga baya yake zuwa. Sai ka ɗaura masa tsohuwar taya ya ja a ƙasa, amma da farko wani ya riƙe igiyar a hannu yadda in ya firgita za a saki. Sai sanduna biyu a gefensa a madadin hannuwan karo, ya saba da abu yana taɓa masa haƙarƙari in zai juya. In kana da abokin da ke da tsohon jaki mai natsuwa, ka roƙe shi ka riƙa jan naka a gefen karonsa, ya ji ƙarar ƙarfe, ya ga raksha, wato babur mai ƙafa uku, da lori suna wucewa ɗan'uwansa bai damu ba. Jaki yana koyo daga jaki da sauri. Shi karon naka, tunda shi ne abin tsoron, ka ajiye shi kusa da turke, ka riƙa zuba masa abinci a kansa tun yanzu.

Ranar da za ka mayar da shi cikin karo, ku zama ku biyu, karon ba komai, a wurin da ba hayaniya. A turo karon zuwa gare shi a hankali, kada a tura shi da baya cikin hannuwan. Taku goma, a tsaya, a kwance, a sallame shi. Gobe a ƙara. Duk matakin da ya firgita, ka koma na bayansa kwana ɗaya ko biyu. Wajen ƙara nauyi akwai kuskuren da kusan kowa ke yi: a zuba rabin barmil a ce an sauƙaƙa masa. Rabin barmil ya fi cikakke wahalar da sabon jaki, domin ruwan yana tambal-tambal, in ya taka ya fizge shi baya, in ya tsaya ya turo shi gaba. Ka sauke barmil in zai yiwu, ka fara da jarkoki masu lita 20 cike taf, a ɗaure a kan tsakiyar karo. Huɗu a makon farko, shida ko takwas a na biyu, kana tafiya a ƙasa kusa da shi. Jarkokin nan ma ruwan sayarwa ne, ka ga aljihu ba zai bushe gaba ɗaya ba.

Abinci ba shi da wuya. Cikin jaki ƙarami ne, an halicce shi ya yi ta tsinka kaɗan-kaɗan yawancin yini, kuma ba ya iya amai. Jaki mai kilo 130 da ke aiki yana buƙatar busasshen abinci wajen kilo 3 a rana, mafi yawansa gasab, wato karan dawa, da busasshiyar ciyawa, a haɗa da harawa ko ɗan barsim, wato ciyawar da ake nomawa don dabbobi. Ranar aiki ka ƙara masa radda, wato dusa, da aka yayyafa wa ruwa, da ɗan umbaz, wato tunkuzar gyaɗa ko ta riɗi, cikin tafin hannu. Dawar fatarita in za ka ba shi, kada ta wuce rabin kilo a ci ɗaya, kuma ka fara da kaɗan. Ka ajiye masa gishiri ya lasa. Ka kiyaye shi da gyauron dawa da ɗanyen abu sab'in, wato dawar da ake nomawa don ciyar da dabbobi, da bai girma ba, musamman wanda fari ya taɓa sannan ruwa ya sauka, don akwai guba a cikinsa mai kashewa cikin sa'a. Hatsi mai hunhuna ma haka. Kada ka sake shi ya yi kiwo a juji, leda in ta toshe hanjin jaki da wuya a cece shi.

Ruwa kuwa, abin da ke ba ni takaici shi ne jakin da ke kai wa gari ruwa shi ya fi kowa zama da ƙishi. A watan Afrilu da Mayu zafin Gadarif yana haura digiri 40, jaki mai aiki zai iya shan lita 20 ko fiye. Ka rataya bokitinsa a karo, duk sawu ka ba shi, ka ba shi lokaci, don yakan tsaya ya shinshina kafin ya sha, kuma ba ya son ruwa mai datti. Maganar da ake yi cewa in yana gumi ba a ba shi ruwa, ba ta da tushe. Ka fita da asuba, ka huta daga wajen ƙarfe 11 zuwa la'asar, a inuwa, a kwance masa kaya ya yi birgimarsa. In ka ga hanci ya buɗe, numfashi na sauri, kai ya yi ƙasa, yana tuntuɓe, ka tsaya nan take ka kwarara masa ruwa a jiki. Tsaga hanci da wasu ke yi wai don ya sha iska ba ya ƙara masa komai sai miki.

Akwai magunguna uku da nake so ka riƙe sunansu. Na taɓa zuwa gidan wani bawan Allah da mai kantin magani ya ba shi ruwan wankin kaska na shanu, mai sinadarin amitraz, ya wanke jakinsa da shi. Hanjin ya tsaya cik, kwana uku jakin ya mutu ina kallo. Amitraz na shanu da tumaki ne, kada ya taɓa jaki ko doki. Na biyu, abincin kajin gona, wanda sau da yawa akwai monensin a ciki, shi kuma zuciya yake lalatawa. Na uku, allurar sammore ta shanu mai sinadarin diminazin, tana iya taɓa ƙwaƙwalwar jaki, likita kaɗai zai yanke hukuncin yin ta bayan ya duba jini. Maganin tsutsar ciki kuwa, ibamektin, ta baki ake ba jaki, gwargwadon nauyinsa, a farkon damina da ƙarshenta.

Damina na tafe da nata. Baƙar ƙasar Gadarif in ta sha ruwa tana kama taya da kofato kamar danƙo, ranar da aka yi ruwa mai yawa gara ka bari ƙasa ta sha iska. Kofaton jaki na ƙasar fari ne, yana jiƙa ya yi laushi, ya ruɓe ya yi wari in yana kwana cikin taɓo. Gashinsa ma ba ya tare ruwa kamar na doki. Ka yi masa rumfa a tudu, ka zuba yashi ko tsakuwa a ƙasa, kullum da yamma ka ɗaga ƙafafu huɗun ka sakace su, ka duba ƙusa ko ƙaya. Dabaibayi da siririyar igiya yana yanke masa ƙafa, in dole ne ka yi da tsumma mai faɗi.

Abu ɗaya da ba a jira da shi: jakin da ya daina ci. Ko yini ɗaya ne, ko ka ga yana sa baki a abinci yana wasa da shi ba ya haɗiya, ka nemi likita a ranar. Jaki in ya bar ci, kitsen jikinsa yana kwararowa cikin jini ya lalata hanta, kuma yana kisa cikin 'yan kwanaki. Ka sayi ma'aunin zafi ka ajiye. Zafin jaki mai lafiya, in an auna ta dubura, yana tsakanin 36.5 da 37.8, dasashinsa ja-ja ne mai danshi. In kuma kare ya cije shi, ko ka ga halinsa ya juye farat ɗaya yana cizon kansa ko mutane, kada ka sa hannu a bakinsa, ka ware shi ka kira ma'aikatan dabbobi, don jaki yana kamuwa da haukan kare.

Ba za ka mayar masa da sirdi ba sai fata ta rufe gaba ɗaya, ba ɓawo, ba danshi, kuma in ka danna wurin da yatsa bai noƙe ba. Ko a lokacin, ka yanke rami a shimfiɗar daidai inda tabon yake don kada komai ya zauna a kansa, kuma duk yamma in ka kwance kaya ka bi bayan da tafin hannu kana neman wurin da ya yi zafi ko gashi ya murje. Ka duba haƙoran nan gobe da safe, ka kuma gwada ɗaga hannuwan karon da barmil a cike, ka aiko mini da abin da ka gani, sai in faɗa maka jarka nawa za ka tsaya a kai bana.